Wani ya buɗe shago a gefenka ya karya farashi: me ka yi?

Mai Tireda, Gezawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ke nan ina da shagon tireda a bakin titin ƙauyenmu, ni kaɗai a layin. Watan jiya wani yaro da ya dawo daga Legas ya kama shagon da ke kallon nawa, ya zuba kaya, ya sauke farashi ƙasa da nawa: sikari, madara, taliya, har man gyaɗa. Daga Singa nake sari, na san kuɗin mota da na dako da nake biya, ban ga ta inda riba za ta fito masa ba. Amma mutane sun fara tsallaka titi. Abin da ya fi ci mini rai, gidajen da nake ba bashi in suna da kuɗi wajensa suke aiken yara, in babu sai a turo wajena. Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya faɗa mana abin da ya yi da abin da ya biyo baya.

Ɗan Ringim:
Wa alaikumus salam Malam. Ni na yi abin da zuciyarka take raya maka yanzu, na biye masa. A 2023 ne, bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, lokacin da kuɗin mota ya tashi kaya suka bi shi. Maƙwabcina ya ci gaba da sayarwa a tsohon farashi, ni ma na sauke, ya ƙara saukewa na ƙara. Wata biyu muna haka, shagona cike da mutane, aljihuna ina jin nauyi. Ranar da na shiga Kano sari na gane abin da na yi wa kaina: kuɗin da da yake ɗauko mini katan goma, bai kai bakwai ba. Ashe uwar kuɗi nake ci ina zaton riba ce.

Shi kuwa ashe tsohon kaya ne jibge a ɗakinsa tun kafin tashin farashi. Da ya ƙare, sai ya ɗaga farashinsa har ya wuce nawa na farko, a lokacin kuma kantata rabi babu kaya. Tun daga nan ba na lissafi da kuɗin da na saro, da kuɗin da zan sake sarowa nake yi. Kafin ka taɓa farashinka, bincika ka ji kayan yaron nan daga ina suke, kuma nawa ya rage masa.

Maman Yara, Kura:
Yaya Mai Tireda sannu da haƙuri. Ni shinkafa nake turarawa in kai inji in auna a gida. Kun san Kura, kowane lungu akwai mai wannan sana'a, ba a maganar mutum ɗaya a layi. Wata ta zo kusa da ni tana ba da kwano da rangwame, mata suka koma can. Na yi kuka na share hawayena, sai na sa 'yata ta sayo mini kwano ɗaya a wajenta. Na juye a nawa kwanon, bai cika ba. Na baza a tire, ga tsakuwa ga ƙaiƙayi.

Ban je na tona ta ba, wannan ba hali ba ne, kuma garin ɗaya muke. Abin da na yi, na ƙara biyan kuɗin injin cire tsakuwa, na daina gaggawar kwashe shanya don kada ta yi wari, in na auna kuma sai na tara har ya yi tozo, in ƙara gyara da hannu a gaban mai saye. Na fara ɗaukar hoton shinkafar a faranti in ɗora a WhatsApp da rubutu ɗaya tak: a wanke a dafa, ba tsinta. Wannan maganar ita ta yi mini talla, don duk macen da ta taɓa zama tsintar tsakuwa da yamma yara na kukan yunwa ta san darajarta. Yanzu har daga cikin birni ake mini waya in ba direba buhu. Ban rage ko sisi ba. Wasu daga cikin matan unguwa ba su dawo ba har yau, waɗannan dama araha suke bi, na bar mata su.

Mai Shayi, Kwanar Dumawa:
Ni dai agogo ya cece ni. Mai shayin da ya buɗe kusa da ni ya fi ni benci, ya fi ni rediyo, amma sai rana ta fito yake hura wuta. Ni ana sallame Asuba ruwana ya tafasa. Direbobi da masu tafiya gona duk nawa ne.

Mai Taki, Malam Madori:
Malam Mai Tireda, maganar bashin nan taka nake so in taɓa, don ina ganin kana kallonta a matsayin rauni alhali ita ce abin da ka fi yaron nan. Ni taki da maganin feshi nake sayarwa. Da damina manomi ba shi da kuɗi a hannu, sai kaka in ya sayar da riɗi ko zoɓo. Wani ya zo da jari ya fi nawa, ya buɗe da araha, amma kuɗi hannu. Bai san waye ke biya ba, bai san gonar kowa ba, don haka ba zai iya ba da bashi ba. Da ya gwada a shekara ta biyu, ya ba waɗanda ni na daɗe da rufe musu littafi, suka kwantar da shi.

Sai dai fa bashi ba tsari shi ma kashe shago yake. Nawa a rubuce yake da rana, kowa da iyakarsa, kuma wanda ya zo biya da kaka nakan yi masa ɗan ihsani ko da gwangwanin iri ne. Su kuma masu kai kuɗi can su zo bashi nan, na faɗa musu cikin raha amma da gaske: inda ka kai tsabarka, can za ka kai buƙatarka. Biyu sun yi fushi, sauran sun gane.

Hajiya Mai Atamfa, Bichi:
Ku yi haƙuri, ni labarina ya sha bamban. Duk kuna magana kamar sabon zuwa kullum ha'inci yake ko asara yake. Wadda ta zo unguwarmu ta fi ni iya kasuwa ne kawai, in faɗi gaskiya. Ni ina zuwa Kwari sau ɗaya a wata in ɗauko zanen da ni yake burge ni. Ita tana da yaro a kasuwar yana turo mata hotunan sabon yayi, ta nuna wa mata su zaɓa kafin ta saro, kayanta ba ya kwana. Sannan ta ɓullo da zubi kamar adashi, mace ta riƙa ba da kaɗan-kaɗan tun daga watan Rajab, kafin ƙaramar Sallah ta gama biyan kayan yaranta. Na yi shekara ina cewa asiri take yi, Allah ya yafe mini. Da na sauke girman kai na kwaikwayi zubin nan, rabin mutanena sun riga sun tafi. Ka leƙa ka ga abin da yaron yake yi daidai, kada ka tsaya kan farashi kawai.

Baban Zaure, Dawakin Tofa:
Yarana, na yi shekaru a Dawanau ina harkar hatsi. A can rumfa na jikin rumfa, duk masara da gero da wake iri ɗaya, kuma kowa yana ci. Mai saye daga Nijar ko daga Kudu yawan rumfunan ne ke kawo shi. Haka Wudil ran Juma'a, haka Maigatari ran Alhamis, da dillali ɗaya ne a kara wa zai taso daga nesa? Da na bar kasuwa na buɗe ɗan shago a gida, wani ya buɗe a gefena. Na ɗauki goro na je na yi masa Allah ya sa albarka. Bayan wata uku mota ɗaya muke ɗauka zuwa sari mu raba kuɗinta, abin da babu a wajena in tura masa, shi ma haka. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ka je ka gaishe shi, ɗan garinku ne, ka san ubansa.

Ɗan Ringim:
Baba ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma a Dawanau masu saye daga ko'ina suke zuwa. A ƙauye gidajen nan ne dai, ba ƙaruwa suke ba don shago ya zama biyu. Dole wani ya ji a jikinsa.

Baban Zaure, Dawakin Tofa:
Zai ji, ban ce ba zai ji ba. Amma in sun raba kuɗin mota, abin da kowa zai ji ya ragu.

Mai Tireda, Gezawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Jiya na bi shawarar Maman Yara na aiki yaro ya sayo mini kaya shida a wajensa. Sikari da taliya ne kawai ya karya da gaske, su ne mutane suka haddace farashinsu. Sabulu da batir da maganin sauro ya fi ni tsada, ba wanda ya lura. Kuma Hajiya ta yi gaskiya, yana da abin da ba ni da shi: firji mai sola, da rana duk matasa can suke shan ruwan sanyi, kuma yana karɓar taransifa, ni har yanzu sai tsaba. Farashina zan bar shi yadda yake, asusun banki kuma ranar Litinin zan shiga gari in gyara shi. Baba, in Allah ya kai mu gobe bayan La'asar zan tsallaka in gaishe shi. Malam Mai Taki, don Allah a shagon tireda irin nawa da ba kaka ake jira ba, kwana nawa kake ganin ya dace a ba mutum kafin a rufe masa littafi?