Zuciyar taransfoma: ƙarfe mara kiristal ko mai ƙananan kiristal?

Zuciyar taransfoma ita ce ƙarfen da ake naɗa waya a kansa. Masu naɗa taransfoma da suka tattauna wanne ya fi dacewa, mara kiristal ko mai ƙananan kiristal, sun yarda cewa asalin ƙarafan biyu ɗaya ne: narkakken ƙarfe ake fesawa kan dabaran tagulla mai juyawa, ya huce da saurin digiri miliyan a daƙiƙa, ya fito falle mai kaurin kusan maikuron 25 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), atam ɗinsa ba su samu damar jeruwa ba. Wannan shi ne mara kiristal, irin Metglas 2605SA1. Yana ɗaukar maganaɗisu har tesla 1.56, shi ya sa aka fi ba da shawararsa ga taransfomar layin wuta mai haz 50, wato mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Aibinsa ƙugi, don maganaɗisu na sa shi miƙewa da tsukewa.

Wajen gashi aka fi jan magana. Mai ƙananan kiristal, irin Finemet, wanda kamfanin Hitachi ya fito da shi a 1988, ana saka masa jan ƙarfe kashi 1 da niyobiyam kashi 3 cikin ɗari, a gasa shi awa guda a digiri 550 inda babu iskar oksijin. Jan ƙarfen ne ke tsirar da ƙwayoyin kiristal, niyobiyam kuma ya hana su wuce nanomita 10 zuwa 15 (nanomita dubu ne maikuron ɗaya). Zafi ya haura 600 sosai, sai sinadarin boron da ke cikinsa ya haɗe da ƙarfe, asarar wuta ta hau, aikin ya ɓaci.

A naɗe fallen Finemet ya zama zobe tun kafin gashi, domin bayansa karyewa yake kamar ɓawon ƙwai. A saka shi cikin kwanson roba kafin a ɗaura waya. Tesla 1.2 kawai yake ɗauka, amma a kilohaz 20 (haz dubu 20) ba ya zafi kamar ɗan'uwansa, kuma ƙuginsa kaɗan ne.