Noyis ɗina yana fita siriri kamar suyar ƙosai, ina matsalar take?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum. Tambaya ce ga masu harkar noyis (kiɗan hayaniya zalla) da diron (kiɗan ƙugi mai dogon zango nake nufi, ba jirgin nan mara matuƙi ba). Kayan da ke gabana: ƙaramin miksa Behringer Xenyx 802, fedal ɗin Boss Metal Zone (akwatin murɗe sauti), dile guda (fedal mai maimaita sauti), da makirufon mannawa na faifan fiyezo mai faɗin milimita 27 a jikin farantin ƙarfe. Fiyezon yana shiga miksa kai tsaye, fedalolin suna kan layin FX (inda miksa ke aika sauti zuwa fedal). Kaurin nan na 'yan Japan nake nema, irin na su Merzbow da Incapacitants, mai danne ƙirji. Amma abin da ke fita siriri ne, shuuu kawai, babu ƙasa, wato bes, ko kaɗan. Ga wani ƙugi da ba ya tafiya ko an rage komai. In an ɗauka da wayar hannu kuma sai ya ƙara lalacewa. Fedal zan ƙaro, ko miksan ne bai isa ba?

Mai_Dalma:

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye kuɗinka, kayanka sun isa. Jonin ne ba daidai ba.

Faifan fiyezo a lantarce kafasita ne (ɗan abin da ke riƙe caji), irin girman naka yana kusa da 20nF. Ƙofar layi ta miksa kuwa turjiyarta (yadda take tirje wa lantarki) wajen 10k ce. In ka haɗa su biyun ka yi matatar sauti ba ka sani ba: duk abin da ke ƙasa da wajen 800Hz zai riƙa zubewa tun kafin ya shiga miksa. Bes ɗinka a bakin ƙofa yake mutuwa, shi ya sa ko ka murɗa maɓallin LOW har ƙarshe ba ka samun komai sai ƙugin wuta. Ƙofar fedal ɗin Boss turjiyarta 1M ce, ninki ɗari ke nan, sai yankan ya sauka zuwa wajen 8Hz, ƙasa da abin da kunne ke ji. Saboda haka fiyezo ya fara shiga fedal, daga fedal sai miksa. Ko fedal ɗin a kashe yake aikin zai yi, muddin akwai wuta a jikinsa.

Sai ka duba shi kansa faifan. Farin da'irar tsakiya ita ce sigina, tagullar gefe ita ce ƙasa, wato giraun na lantarki. Wayar ta zama mai raga, irin ta jita, kuma ragar ce za ta hau tagulla. In aka juya su, ko aka yi amfani da wayar rediyo mara raga, ƙugin da kake ji ke nan. Wajen liƙa dalma a kan farin, kada bakin ƙarfen ya wuce daƙiƙa biyu, shafen azurfar da ke kai yana ɓarewa da zafi. Bayan haka ka zuba gam a kan mahaɗar, domin kusan duk fiyezon da ya mutu a nan wayar ke tsinkewa.

Farantin ma yana da nasa. Ƙaramin faranti mai kauri ƙara mai tsini yake bayarwa. Nemi falle mai faɗi mai lanƙwasuwa, guntun kwanon rufi ko murfin duro, ka ɗaura masa sifirin ko sarƙa, ka matse fiyezon da matsi maimakon salatif. Salatif yana saki, faifan ya riƙa rawa shi kaɗai.

Kunne_Biyu:

Abin da Mai_Dalma ya faɗa haka yake. Ni kan miksan zan yi magana, don a nan diron ɗinka yake kwance ba ka taɓa shi ba.

Kukan da lasifika ke yi a wurin biki in makirufo ya matso kusa, shi ake yi da gangan a cikin miksa, ba tare da makirufo ba. Toshimaru Nakamura na Japan da wannan salon aka san shi, miksa ba a jona masa komai daga waje. Yadda ake yi: rage duk maɓallai zuwa sifili. Ɗauki waya daga FX SEND ka mayar da ita ƙofar layi ta tasha ta biyu. Buɗe LEVEL na tashar zuwa rabi, sannan ka riƙa ɗaga maɓallin FX na wannan tashar a hankali har sauti ya kama. Daga nan maɓallan EQ, wato LOW, MID da HIGH, sun zama abin kiɗa. A miksanka suna kan 80Hz, 2.5kHz da 12kHz. Ɗaga LOW ka rage HIGH, za ka samu ƙugi mai kauri, wani lokaci har ya koma bugu kamar injin niƙa. Sa dile a cikin zagayen, sautin ya riƙa ninkuwa. A ƙofar jak kawai za ka yi wannan, kuma maɓallin 48V ya zauna a kashe, kada wutar ta koma cikin wata mafita.

Batun ƙaro fedal: kuskuren da ya fi yawa shi ne jera fedalolin murɗe sauti uku ko huɗu a layi ɗaya, kowanne a ƙure. Na farko ya riga ya daddatse sautin, na biyu ya daddatse datsattsen, zuwa na uku komai ya zama shuuu iri ɗaya, ko me ka yi wa farantin ba za a ji bambanci ba. Wannan ita ce suyar ƙosan taka. Metal Zone yana da maɓallin tsakiya mai yawo daga 200Hz zuwa 5kHz. Sa DIST a rabi, rage HIGH sosai, ɗaga LOW, ka riƙa yawo da na tsakiyar da hannu lokacin wasa. In za ka sayi wani abu nan gaba, fedal ɗin EQ ya fi maka amfani, kuma kafin Metal Zone za ka sa shi, domin abin da ka ciyar da mai murɗewa shi ke yanke irin kaushin da zai fito.

Hanya mafi kauri ita ce layi biyu: tasha ɗaya tana ɗauke da ƙugin zagayen miksa, ɗayar tana ɗauke da ƙarfe da fedal. Kowanne da gurbinsa, ba sa cin juna.

Sabon_Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. An juya jonin, ƙasan ya dawo. Saura ƙugin, ya ragu amma yana nan, da wani siririn fito in dile yana kunne.

Mai_Dalma:

Fiton daga adafta ne. Dile na dijital da fedal na analog in suna shan wuta daga adafta ɗaya ta waya mai rassa, hayaniyar na dijital tana bi ta layin ƙasa ta shiga ɗayan. Gwaji mai sauƙi: sa wa Metal Zone batir 9V, ka bar dile a kan adafta. In fiton ya ɗauke, ka gano. Ka kuma kula, fedalolin nan 9V suke so mai nagetif a tsakiya, yawancin adaftocin kasuwa kuwa fozitif ne a tsakiya. Duba zanen da ke jikin adaftar kafin ka soka.

Ƙugin kuma na wutar gari ne, 50Hz a nan, 60Hz a Amurka. Miksa, lasifika da kwamfuta su sha wuta daga soket ɗaya, wayoyin sauti su yi nesa da adafta da sitabilaiza. In a kan janareta kake, za ka ji ƙugin yana hawa yana sauka da nauyin da ke kan injin. Masu diron ba duka ke ƙinsa ba, makaɗin Amurka La Monte Young ya daɗe yana ambaton ƙugin turakun waya da tiransifoma cikin abin da ya tashi yana saurare. Amma gara ya zama kai ka sa shi.

Idan diron tsantsa kake so, aysi CD40106 (ɗan guntun lantarki mai ƙafa 14) yana da araha. Ƙafa ta 14 wuta, ta 7 ƙasa. Kafasita 0.1µF daga ƙafa ta 1 zuwa ƙasa, fot 100k (rasista mai maɓallin murɗawa) haɗe da rasista 1k tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, sautin yana fita a ta 2. Wannan haɗin shi ne osileta, mai samar da sauti, kuma aysin yana iya ba ka shida. Haɗa biyu ko uku ta rasista 100k kowanne, da kafasita 1µF a mafita, ƙofofin shiga da ba ka yi amfani da su ba ka ɗaure su a ƙasa. Daɗin yana wajen saita biyu kusa da juna: 110Hz da 110.5Hz za su riƙa kumbura suna sacewa sau ɗaya duk daƙiƙa biyu.

Uwar_Kaset:

Ƙanena, ba wanda ya taɓo maganar ɗauka da wayar hannu, ita ce matsalarka ta uku. Wayar hannu an gina ta ne don murya. Tana rage ƙarfi da kanta in ƙara ta yi yawa, kuma manhajoji da yawa suna ɗaukar duk sauti mai ɗorewa a matsayin hayaniyar da za a goge. Wato kiɗanka take gogewa. Ɗauki layi daga MAIN OUT zuwa rakoda ko katin sauti, a 24-bit, ƙololuwar ta tsaya tsakanin -12 da -6dB, a kashe duk wani saitin atomatik. Kaushin ya fito daga fedal. In mitar rakoda ce ta buga ja, wannan fashewa ce busasshiya da ba ta gyaruwa. Manhajar Audacity ta isa yanka da daidaitawa, kyauta ne.

Kada ka ajiye asalin a MP3. Noyis ya cika kowane zango na sauti lokaci guda, matsewar ba ta samun abin zubarwa, sai saman ya koma kamar ana wasa da ruwa. Shafin sayar da kiɗa na Bandcamp dama WAV, FLAC ko AIFF yake karɓa, kuma can ne masu wannan harka da dama ke sayar da kaset kwafi talatin ko hamsin. Kaset C30 minti 15 ne kowane gefe, ka yanka aikin daidai da haka. Kaset nau'i na ɗaya, Dolby (mai rage shuuu na kaset) a kashe, allurar mita ta ɗan shiga ja zuwa +3. Shi kaset in an matsa masa tausasa tsinin yake yi, saɓanin dijital.

Sannan kunne. Ƙa'idar masana lafiyar aiki ita ce 85dB awa 8, duk ƙarin 3dB lokacin ya rabu biyu, a 100dB minti 15 ke nan. Kada ka gwada zagayen miksa da abin kunne a kai, yana iya tsalle daga shiru zuwa ƙurewa da ɗan motsin yatsa. Ƙananan lasifikan da ke fitar da sauti mai tsini su ma haka suke ƙonewa.

Kunne_Biyu:

Hajiya, a kan kaset kam ban bi ki duka ba. Ga bangon noyis, wato hayaniya mai tsayawa cak ba sauyi, irin na Vomir ko The Rita, inda ƙananan tsattsagewa su ne abin sauraro, +3 yana iya shafe su. A nan gara allura ta tsaya a sifili. Sabon_Hannu, ɗauki minti ɗaya sau biyu, a 0 da a +3, a kan irin kaset ɗin da za ka kwafa, ka saurara a rediyon da ba shi ya ɗauka ba kafin ka yanke.