Abincin Biki da Ake Girkawa Saboda Al'ada

A wata tattaunawa da aka yi kan abincin biki, mahalarta sun yarda cewa wasu girke-girken biki sun ɗore ne saboda girmama kakanni, ba don daɗinsu ba. An kawo misalin lutefisk, busasshen kifin da ake jiƙawa cikin ruwan toka, wanda iyalai a Norwe da Suwidin ke ci lokacin Kirsimeti ko da yara na yatsina fuska. Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a girka kaɗan, kuma kada a tilasta wa kowa ci. Wasu suka ƙara da cewa a tuntuɓi dattijuwar da ke girka shi, domin sau da yawa ita ma ta gaji, kunya ce ke hana ta faɗa.