Wai injin gurzar kaɗa ne ya yi Gusau?

Nasiru Tudun Wada: Jama'a ni dai maganata guda ce, in ba don injin gurzar kaɗa da Turawan Bisije (BCGA, ƙungiyar harkar kaɗa ta Ingila) sunka kafa ba, wlh da yau Gusau ba ta wuce Tsafe ba balle ta zama hedikwatar jiha a 1996. Ku dubi Sabon Gari da Kantin Daji, mi ya tara mutane nan in ba kaɗa ba?

Kawu Bello: Nasiru bi a hankali. Garin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa tun zamanin jihadin Shehu, da sarautarshi da malamanshi, shi za ka ce inji ya yi? Bature ya iske mu muna noman kaɗa muna saƙa, ba shi ya koya muna ba.

Hauwa Sani: Kawu ka yi gaskiya amma ni a ganina jirgin ƙasa ne. Ita Bisije a Mancesta anka kafa ta 1902 don masaƙunsu na Ingila su samu kaɗa, ba za su dasa inji inda dila ba ta iya kaiwa tashar ruwa ta Ikko ba. Dogo ya taso daga Zariya ya bi Funtuwa ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura 1929, gyaɗa ma shi ta bi.

Nasiru Tudun Wada: To Anti Hauwa ai kin ba ni hujja, Ƙaura Namoda can dogo ya ƙare, mi ya hana ta wuce Gusau? Jirgi ɗauka yake ya tafi, inji shi ka riƙe mutum, leburori da 'yan dako da masu ɗinkin buhu da mata masu tuwo bakin ƙofa, ga jakkai da raƙuma daga ƙauyuka lokacin kaka, wanda ya zo cin rani sai ya nemi ɗaki ya aiko a kawo mai iyali, daga baya har masaƙar Zamfara ta biyo.

Kawu Bello: Ban musa an taru ba ɗana, amma ka tambayi wa ya biya. Kakata da dutse da ɗan ƙarfe take gurza kaɗarta, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, zarenta ya tufatar da gidanmu duka. Da anka ce haraji sai da kuɗi, dole kakanmu ya kai kaɗa fuloti, wurin awo da sayen kaɗa, malamin sikeli ya damƙa ya ce lamba biyu ce, ba ka da bakin magana. Ranar da ya dawo da yadin akoko daga kanti ta ƙi taɓa shi, har ta rasu saƙi take ɗaurawa.

Hauwa Sani: Allah ya jiƙanta Kawu. Mazarin yana nan?

Kawu Bello: Amin. Yana cikin adakata, in kun zo Sallah ku gani. Nasiru kai ma ka zo, ba mu gama ba.