Kyanwa mai jinya a gidan bene: sama ko ƙasa?

Maman 'yan biyu, Hanwa: Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya aka yi wa kyanwar yarana aikin cire mahaifa. Likita ya ce ɗinkin zai ɗauki kwana 10 zuwa 14, kada ta yi tsalle, kada ta hau matakala. To gidanmu bene ne. Ƙasa tayil ne, da asuba kamar ka taka ƙanƙara. Sama kuwa daga azahar kwano ya gasa silin, ɗakin yara ya koma tanda. Kun dai san Fabrairun Zariya, dare hunturu, rana bazara. Wa ya taɓa jinyar dabba a irin wannan gida?

Baba mai ritaya, Samaru: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki sauko da ita ƙasa, ki huta. Na daɗe a gidan sama, abin da na gane shi ne iska mai zafi sama take hawa, matakala kuma ita ce hanyarta. Ɗakunan ƙasa rufin kankare ya rufe su, rana ba ta dukansu kai tsaye, shi ya sa yanayinsu ba ya saurin juyawa. Sanyin da kike ji na tayil ne. Lokacin da muzurunmu ya karye a ƙafa, kwali na samu na ɗora a kan tabarma, na shimfiɗa tsohon bargo a ciki. Bakin matakala kuma na rataya labule mai kauri, ɗumin falo ya daina gudu sama. Har mu mutanen gidan mun amfana.

Anti, Tudun Wada: Ni kam gargaɗi zan yi. Wani Janairu na tausaya wa magena da ta haihu, na kai mata kaskon gawayi ɗaki, na rufe ƙofa da taga, ni ma na kwanta a nan. Cikin dare kukanta da kartar ƙofa suka tashe ni, kaina kamar zai tsage, na miƙe jiri ya kwashe ni. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Allah ne ya yi da sauran kwana. Don Allah 'yar'uwa, kasko a tsakar gida kawai.

Mai haɗa sola, Sabon Gari: Hajiya, kar ki jona hita a inbata. Ƙaramar hita tana jan wat 1,000 zuwa 2,000, fankar sama kuwa wajen wat 70. Kafin tsakar dare batir ya mutu, ku kwana a duhu. Ni a gidana da rana tagogin sama a rufe suke da labule, sai bayan magariba in buɗe su zafin ya fita.

Ɗalibar likitancin dabbobi, Samaru: Maganar Baba daidai ce. Zafin jikin kyanwa mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, ya ɗara namu. Maganin barcin da ake yi wa dabba wajen aiki yana saukar da shi, don haka daren farko ya fi hatsari, kuma kun wuce shi. Tawa da aka yi mata irin wannan aikin, gorar roba na cika da ruwan ɗumi, na naɗe da tawul, na sa a gefe guda na kwalin, ta matsa in ta so, ta janye in ya ishe ta. Kada ruwan ya yi zafin da hannunki ba zai jure ba. Idan kika ga tana haki baki buɗe, ko ta ƙi abinci yini guda, ko wurin ɗinkin ya kumbura yana ruwa, ki koma wajen likitanta ko asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU). Kuma Maman 'yan biyu, ko yara sun ce tana jin ciwo, kada a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Kawu, Kwarbai: Ku da gidajen bulo kuna shan fama. Soron kakanmu na ƙasa da azara, hunturu ɗumi, bazara sanyi, magen gidan ba ta taɓa neman bargo ba. Sai dai ki toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda ƙura, kada ta shiga ciwon.

Maman 'yan biyu, Hanwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun mayar da ita ɗakin baƙi na ƙasa, kwali a kan darduma, gora a gefe, labule a matakala. Ta ci kifi da safe. Yanzu rigimar da ta rage ta 'yan biyu ce, sun kwaso filo sun ce su ma a ƙasa za su kwana.