"Image" na rauta a GNS3 da EVE-NG: mu tsayar masa da suna

'Yan'uwa masu koyon harkar netwok, duk wanda zai kunna rauta (na'urar da ke haɗa netwok da netwok) a cikin GNS3 ko EVE-NG, wato manhajojin da ake gwada netwok a cikin kwamfuta da su, abin farko da za a nema a wurinsa shi ne "image". Da yawanmu muna cewa "hoto", kuma wannan yana ɓatar da mai koyo tun daga bakin ƙofa. Yana jin hoto zai ɗauka ɗan zanen rautar nan ne da ake jawowa da linzami a ajiye a fili, alhali zanen alama ce kawai. Abin da ake nufi fayil ne mai ɗauke da ainihin manhajar da ke tafiyar da rautar.

Kafin suna, mu duba aikinsa. Dynamips, manhajar da Christophe Fillot ya rubuta a 2005, tana kwaikwayon injin tsofaffin rautocin Cisco irin su 7200 da 3725, sai ta ɗauki fayil ɗin IOS (manhajar da ke tafiyar da rautocin Cisco) mai ƙarewa da .bin ta loda shi kamar a kan ƙarfen gaske yake. Nan ta sha bamban da Packet Tracer, manhajar koyon netwok ta Cisco, wanda babu IOS na gaske a cikinsa, shi ya sa wasu umarnin ba ya karɓarsu. Na zamani kuwa, irin su IOSv, CSR1000v, vMX na Juniper, CHR na MikroTik da VyOS, faifai ne da QEMU (manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta) ke tayarwa, galibi fayil mai ƙarewa da .qcow2.

Ga inda nake so mu tsaya. Ka sa fayil ɗaya na IOSv, ka jawo rauta goma: GNS3 ba ya kwafe faifan sau goma. Yana barin na asalin yadda yake, ya buɗe wa kowace rauta ɗan ƙaramin faifanta, wanda ba ya ajiye komai sai abin da ita ta canza. Ka goge rauta ɗaya, na asali ko gezau. Amma ka goge na asalin ko ka taɓa cikinsa, duk goman sun ƙi tashi. Sunan da za mu zaɓa dole ya nuna wannan dangantaka.

Wani ɗan'uwa ya kawo "kwafi". Malam, ka kusa, sai dai kwafi shi ake cirowa, wannan kuwa daga gare shi ake ciro. "Sura" tana da ciwon da "hoto" yake da shi. "Uwar faifai" ta burge ni ƙwarai, ta yi daidai da qcow2, amma .bin na Dynamips ba faifai ba ne, cikin RAM ake warware shi. "Uwar manhaja" kuma za ta rikice da irin su Windows da Linux.

Ni dai na tsaya a kan "uwar kwafi". Muna da uwar kuɗi da uwar ƙungiya, kunnen Bahaushe ya riga ya san uwa ita ce tushen da sauran ke fitowa daga gare shi. Ku ji ta a baki: "Ka zuba uwar kwafin IOSv a cikin foldarta a ƙarƙashin /opt/unetlab/addons/qemu/, ka sauya mata suna zuwa virtioa.qcow2, in ba haka ba EVE-NG ba zai tayar da ita ba." Ko kuma: "Kowace rautar da ka tayar daga uwar kwafin CSR1000v tana cin giga 4 na RAM, ka lissafa kafin ka jawo biyar." Ba ta tsaya a maƙogwaro ba.

Tunda maganar ta zo, uwar kwafin Cisco tana da lasisi, hanyar halal ita ce ta CML (Cisco Modeling Labs), manhajar gwajin netwok ta Cisco. Wanda bai da hali ya fara da VyOS, ko CHR na kyauta. An taƙaita wa CHR ɗin gudu zuwa megabit 1 a kowace kafa, amma ya isa a koyi OSPF da BGP, ƙa'idojin da rautoci ke gano hanya da su, sarai.

Abu biyu ne suka rage. Jam'i: ni "uwayen kwafi" nake cewa. Sai ɗan faifan da ake buɗe wa kowace rauta, wanda nake ganin "'yar kwafi" za ta dace da shi. Masu koyar da CCNA (kwas ɗin netwok na Cisco) da Hausa, ku gwada su a aji mako ɗaya, ku gaya mana inda ɗalibai suka yi tuntuɓe.