Abin da aka tattauna kan halin ɗan Adam da zaman jama'a

Salam 'yan uwa, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda mutum ba ya rayuwa shi kaɗai. An kawo Ibn Khaldun, malamin tarihi da ya rubuta littafin Muƙaddima a 1377, yana cewa zaman tare dole ne ga ɗan Adam, asabiyya kuma, wato haɗin kai na 'yan'uwantaka, ita ke riƙe jama'a. Wani ya ce mu dubi gidan haya a unguwar Aboabo ta Ghana, famfo ɗaya tsakar gida ɗaya, in aka yi rasuwa kafin azahar an kafa kanofi an jera kujeru, ba wanda ya aika wa kowa takarda.

2. Inda aka rabu shi ne asalin hali. Wasu sun tsaya kan hali zanen dutse, har suka jawo Hobbes, masanin falsafa na Ingila, mai ganin in babu hukuma mutane za su cinye juna. Mafi yawa sun kawo hadisin fiɗira, yaro ana haifarsa da tsarki, iyaye da muhalli ke juya shi, zama da maɗaukin kanwa dai. Ni nan na karkata wallahi, na ga yaran makarantar allo masu natsuwa da suka sauya cikin shekara ɗaya saboda abokai.

3. An kuma kawo marigayi Kwame Gyekye, masanin falsafa na jami'ar Ghana da ke Legon, mai cewa jama'a na gina mutum amma ba ta shafe 'yancinsa. 'Yan mata sun riƙe wannan sosai kan zaɓin miji da karatu, dattawa ba su gamsu ba.

4. Shawarar da aka fi maimaitawa, iyaye su san wa ɗansu ke zama da shi a bes, wato dandalin hirar samari, bayan isha'i.